Kukan Jaki a Gaisuwar Kawu Depite

Duk wanda ya san ni a jami'a, da abu biyu ya san ni: dariya da saurin yatsa. Ƙawayena cewa suke kafin malami ya gama rubuta taken darasi a allo, ni na riga na amsa gurup huɗu har na tura stika. Ba ƙarya suke ba. Har yanzu ina dariyata, ba na fasawa. Amma akwai wani abu da babban yatsan nan nawa ya yi wanda ban taɓa ba su labari ba, kuma bai ɗauke ni sakan biyar ba.

Kawuna, yayan mamata, ya yi depite, wato ɗan majalisar dokoki ta ƙasa. Kafin nan malamin lakol ne, makarantar boko. Aikinshi na farko an kai shi wani ƙauye can bayan Hawandawaki, inda in mota ta shiga rairayi sai kowa ya sauka a tura. Ba ɗakin malami, ba kowa nashi. Wani mai ginar rijiya ya ba shi ɗaki a gidanshi, matarshi kuma ta ɗauki ci da shan Kawu har shekara shida, fura da rana, tuwo da marece, har wankin kaya. Mutumin bai taɓa kiran Kawu da suna ba, "baƙona" yake ce mashi. Kawu yana ce mashi Baba, ita kuma ya ce mata Inna. Kusan duk rijiyar da ake sha a ƙauyukan nan Baba ya shiga cikinta da hannunshi, shi ya sa in ya ce ga inda za a yi, ba mai tambayar shi dalili.

Kawu bai iya jawabi ba, wannan kowa ya sani. In aka miƙa mashi mikoro sai ya koma kamar yana ba ƴan aji dikte, yana faɗa suna rubutawa. Abin da ya iya shi ne gaisuwar mutuwa. Yana da wani tsohon moto, wato babur, in ya ji an yi rashi ko a ina ne, daga wajen Urafane har Attantane, sai ya ɗaura rawani ya kama hanya. Kuma ba irin gaisuwar a tsaye ba, ta a shafa fatiha a juya. Zama yake a tabarma ya wuni, ya sa hannu a kwanon da kowa ke ci, ya tambayi wa mamacin ya bari. Da wannan aka zaɓe shi konseye a kwamin, wato kansila a ƙaramar hukuma. Da wannan jam'iyya ta sa shi mai jiran kujerar wani depite, da aka ba wancan minista sai Kawu ya hau. Zaɓen da ya biyo baya kuma ya ci da kanshi. A wajenmu jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, in ta samu kujeru sai manyanta su duba wane yanki ya fi cika akwati, ɗan yankin a ba shi. Akwatunan Kawu kuwa ƙauyukan Baba ne. In Baba ya fito da safe ya kama layi, to kujera ta zauna.

Shekarar da na samu bak, takardar gama sakandare, na je hutu gidanshi a Tasawa. Na tarar da shi ya rame, gwiwoyi sun fara ba shi wahala, ga zaman majalisa a Yamai, ga waya ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba. Waya biyu gare shi, ɗaya ta manya, ɗaya wadda duk ƙauye ke da lambarta. In ka ga yadda yake rubuta saƙo sai ka tausaya, tabarau a kan hanci, yatsa ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a wake.

Na ce, "Kawu, wallahi kana wahalar da kanka. Yanzu fa kowa vokal yake yi, saƙon murya."

Ya ce, "Vokal kuma? Mutuwa ce fa, ɗiyata, ba gayyatar suna ba."

"Ai ban ce ka daina zuwa ba. Waɗanda ba ka samu zuwa ba, aƙalla su ji muryarka. Ka yi mani guda biyu, ɗaya in namiji ya rasu, ɗaya in mace ce. Sauran aikin ka bar mani, shap-shap."

Ya daɗe yana murza gwiwa. Sannan ya ce to.

A tsakar gida muka ɗauka, ƙarƙashin dogon yaro, da hantsi. Ta maza ta fita tsaf. Ta mata kuwa, yana cewa "Allah ya sa ta huta" sai jakin mai ruwa ya ɓarke da kuka a bayan katanga, irin kukan nan mai dogon ja. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce mu sake. Direba na ta oda a waje, za su Yamai. Kawu ya ce, "Bar shi, wa bai san jaki ba?" Ya miƙo mani wayar ƙauye. Yana sa takalmi ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Duk rasuwar da kika ji, ki gaya mani. Ni zan ce wannan ki tura, wannan kuma da ƙafata zan je."

Na ce, "An gama, Onarabul."

Da farko na riƙe sharaɗin. Amma in yana majalisa sai in kira sau uku bai ɗauka ba, mutane kuma na jira. Sai na fara yanke hukunci da kaina. Kuma abin ya yi aiki, kai! Godiya ta dinga shigowa. Tsofaffin mata na turo vokal suna kuka, wai depite da bakinshi ya gaishe su. Na tafi jami'a a Maraɗi da wayar a jaka ina ji da kaina. Ƙawayena suka sa mani suna shugabar kabine, wai mai riƙe da ofishin depite. In muna cin shinkafa da wake waya ta yi ƙara, sai in ɗaga hannu in ce, "Ku dakata, al'umma na kira." Mu kwashe da dariya.

Ranar da abin ya faru muna cikin jarabawa. Ina bayan kabu-kabu na makara, takardu a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Vokal ya shigo daga lambar da ba ni da ita, dogo, iska na ta hurawa a ciki. Na sa shi a sauri biyu kamar yadda na saba. Na tsinci "tsohuwa", na tsinci "ta cika", na tsinci "jana'iza". Shi ke nan. Na danna ta mata, na tura, na jefa wayar a jaka. Da na fito na ga alamar an saurara, amma ba amsa. Ban damu ba. Jarabawar ma na ci ta da kyau, har na saya wa ƴan ɗakinmu yawur.

Bayan kamar wata biyu aka buɗe kampanye. Kawu ya dawo daga Yamai, ni kuma na zo in riƙa ɗaukar hoto ina watsawa. Ranar kasuwar Urafane muka fara. An kafa rumfa, an jera kujeru, mata sun sha zanen jam'iyya. Kawu ya karɓi mikoro ya ce salamu alaikum. Sai daga wajen rumfar masu cajin waya wani ya yi kukan jaki da bakinshi. Wani ya amsa daga can gefen ƴan wake. Dariya ta bi kasuwar kamar an kunna ta. Kawu ya yi murmushi, bai gane ba, ya ci gaba da diktenshi. Ni kuwa na tuna jakin mai ruwa.

Da aka tashi, shugaban jam'iyya na garin, wani tela mai ƙaramar murya, ya ja Kawu bayan mota. Ina tsaye kusa, na ji komai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe har yanzu ba ka je ba?"

"Ina?"

"Gidan mai masaukinka. An yi sadakar arba'in tun makon jiya."

"Arba'in ɗin wa?"

Telan ya kalle shi, ya kalli ƙasa. "Tsohuwar mana. Ai ka aika da gaisuwa. Tsohon ne ya hana kowa ya kira ka, ya ce ka ji, tunda ka aiko."

Kawu ya dafa mota. Na zaci faɗuwa zai yi. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ce in shigo, direba ya ba mu wuri. Ya ce, "Nemo mani."

Na nemo. Na kunna shi a yadda aka faɗe shi, ba sauri. Muryar jikan Baba ce. Ya faɗi sunan ƙauyen har sau biyu. Ya ce, "Baba ya ce a gaya wa baƙonshi Inna ta cika da asuba. Ya ce ya san Yamai da nisa, ba za ka samu jana'iza ba, amma yana jiran ka a zaman makoki." A ƙasan saƙon ga nawa, da alamar an saurara.

Na ce, "Kawu, wallahi ban..."

Ya ɗaga mani hannu. Bai zage ni ba, bai ko kalle ni ba. Da ma ya zage ni. Ya leƙa ya kira direba, ya ce a soke taron yamma.

Motar ta kafe a rairayi ana hango ƙauyen. Kawu bai jira a tura ba, ya sauka ya taka da gwiwoyin nan nashi, ina bin shi a baya. Kafin mu isa ya tsaya ya ce, "Ba ki tura komai ba. Kin ji ko?"

"Kawu, ai ni ce."

"Muryar wa ce a ciki?"

Ya ci gaba da tafiya, na bi shi.

Baba na zaune a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya tsufa ƙwarai, duk jijiyoyin hannunshi a waje. Ya miƙe, ya ba Kawu hannu biyu, ya ce, "Sannu da zuwa, depite. An sha hanya." Ya sa aka kawo kujerar roba, ya kakkaɓe ta da hannun rigarshi. Kawu ya ƙi kujerar ya zauna a ƙasa. Baba ya ce, "A'a, depite, kayanka za su yi datti."

Ni aka shigar da ni cikin gida wajen mata. Matar ɗan Baba ta ba ni ruwa, na yi mata gaisuwa, muka shafa. Ba ta san ni ce mai wayar ba, sai ta saki baki kamar da ƴar'uwa. Ta ce Baba ya sa an shimfiɗa tabarma guda kusa da shi, ya hana kowa zama, kwana uku. Duk ƙarar moto sai ya miƙe ya sa hannu a goshi. Ta ce da saƙon ya zo, jikan Baba ya kawo da murna, Baba ya ce a kunna kowa ya ji baƙonshi ya yi magana kafin ya iso. Ana cikin saurare, wani da ya zo gaisuwa daga wajen Attantane ya ce, "Af, ai irin tamu ce. Ku jira, yanzu jaki zai yi kuka." Sai jakin ya yi. Mutumin har ya ciro wayarshi ya kunna tashi, wadda aka aiko masu tun damina da ƙanwarshi ta rasu. Ta ce ba wanda ya yi dariya a wurin. Sai a kasuwa aka yi.

Ta ce, "Ran bakwai ma ya sa an shimfiɗa tabarmar. Ran arba'in bai sa ba."

Ta danga ina jin su. Kawu na kuka, babban mutum, yana ba da haƙuri. Baba na cewa, "Ba komai, depite. Aiki ya yi maku yawa. Allah ya taimaka." Har muka tashi bai ce "baƙona" ba ko sau ɗaya. Ya raka mu har bakin mota, ya sa matasa suka tura.

Saura mako guda zaɓe na kasa haƙuri. Na ce wa mama, da ta dawo gidan Kawu da zama, zan je wajen ƙawata a Mayahi, na shiga motar kasuwa, na ƙarasa a amalanke. A raina na gama tsara komai: in faɗi gaskiya, Baba ya ce ashe yarinta ce, ya fito ran zaɓe, Kawu ya koma kujerarshi. Har na fara tunanin yadda zan ba ƙawayena labari.

Na same shi a wuri ɗaya, da igiyarshi. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce. Wayar a hannuna take. Kawu bai ji saƙon ba sam, ni na saurara da gaggawa na tura. In fushi ne, da ni za ka yi."

Ya ce, "Ke ce ɗiyar ƙanwarshi mai dariya?"

"Ni ce, Baba."

"Tashi ki zauna a tabarma, ƙasa da zafi." Na zauna. Ya ci gaba da tufkarshi. Can ya ce, "Ai na sani ba shi ya latsa ba. Mutumin da ko rediyo sai an kama mashi tasha? Tun ran nan na sani."

Na ji wani sanyi, na ce to an gama. Na ce, "To Baba, ka yafe mashi mana."

"Na yafe. Mi ya yi mani da ba zan yafe ba?" Ya ajiye igiyar. "Amma ki gaya mani, ɗiyata. Yaushe ya yi maganar nan da ke cikin waya?"

"Da hutu, Baba. Farkon damina."

"Farkon damina." Ya gyaɗa kai. "Farkon damina tana nan tana shuka wake a bayan gida. Har ta ɗebe na iri mai kyau ta ce a ajiye mashi, yana son shi da mai. Tana nan da ranta, shi kuma ya zauna a inuwa ya ce Allah ya sa ta huta. Ya ajiye, yana jiran ranar."

"Ba da ita yake ba, Baba. Ta kowa ce."

"To ai shi ne."

Ya kira matar ɗanshi ya ce a dama mani fura, a kuma ɗauko ƙullin waken nan a ba ni in kai. Na dawo Tasawa da shi a cinya, ban iya ba Kawu ba, mama na ba na ce tsaraba ce. Ta dafa, Kawu ya ci loma biyu ya tsaya, ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya cinye tas.

Ran zaɓe Baba bai ce wa kowa kar ya fita ba. Bai bi wata jam'iyya ba, waɗanda suka je neman shi ma ruwa kawai ya ba su. Da safe ya ɗauki igiyarshi ya zauna a ƙofar gida, shi ke nan. Mutane suka leƙo suka ga bai kama layi ba, kowa ya kama gabanshi, wasu gona, wasu rijiya. Wakilinmu na can ya kira da azahar ya ce masu aikin zaɓe gyangyaɗi suke. Haka a ƙauye na gaba, haka a na gaba da shi. Ni ce ke karɓar sakamako a waya ina rubutawa, Kawu na zaune ƙarƙashin dogon yaron nan. Duk wanda na karanta sai ya ce, "To." Daga baya ya ce in bari haka nan, ya tashi ya yi alwala.

Jam'iyya ta samu kujerunta. Ta Kawu aka ba wani ɗan kasuwa daga ɓangaren Mayahi, wanda akwatunanshi suka cika. Manyan suka kira Kawu suka yi mashi godiya, suka ce ana tare. Cikin mako biyu tsakar gidan da ba a samun wurin ajiye takalmi ta koma sai kaji. Direba ya samu wani aiki. Na mayar wa Kawu wayar ƙauye, ya sa ta a aljihun wata tsohuwar riga da ke rataye, ban ƙara jin ƙararta ba.

Ya sa an gyara tsohon moton. Yanzu ba ya takarar komai, amma in an yi rashi yana zuwa, sai dai in ya zauna a tabarma sai an kama shi ya tashi. Duk wata kuma yana zuwa ƙauyen Baba da goro. Sau ɗaya na roƙe shi ya tafi da ni, da hutun da ya wuce. Muka tarar da Baba a ƙofar gida, ido ya fara yi mashi rauni, sai da Kawu ya yi sallama ya gane shi. Ya miƙe da ƙyar, ya ba shi hannu biyu. Ya juya ya ce wa jikanshi a kawo kujera.

Kawu ya ce, "Baba, ai an daɗe da karɓe kujerar. Ni ba kowa ba ne yanzu."

Baba ya ce, "Haka na ji." Ya kakkaɓe kujerar robar da hannun riga. "Zauna, depite."

Kawu ya zauna a ƙasa, gefen kujerar. Suka yi hirar ruwan bana da tsadar gero har la'asar, kujerar na tsakaninsu ba kowa a kai. Da muka dawo mama ta tambaye shi ya tsohon. Ya ce lafiya lau, yana gaishe ku. Ya jingine moton a jikin dogon yaro, ya ce in miƙo mashi man shafawa na gwiwa.